Kowa ya ba kansa maki cikin goma: wa ya iya haɗa hom tiyata a guruf ɗin nan?

Abba Admin:
Salamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Tunda aka buɗe guruf ɗin nan kullum sai an turo hoton falo ana cewa ku ga aiki, kowa gwani, ba wanda ya taɓa fitowa ya ce ni kam ban iya ba. To yau kowa ya auna kansa da kansa, cikin goma nawa za ka ba kanka a wajen haɗa hom tiyata, wato kayan sautin kallon fim na gida? Ba tsadar kaya nake tambaya ba, wannan aikin aljihu ne, haɗawa da saiti nake nufi. Wanda ya faɗi maki ya faɗi dalili, in da hali ya haɗo da hoto. Ni dai 5 na ba kaina, don har yau in yara suka taɓa rimot ɗin amfi, na'urar da ke ba sifiku ƙarfi, sai na yi minti ashirin ina danne danne kafin sauti ya dawo.

Sarkin Wufa:
Wslm. 9 cikin 10, kuma wlh tawali'u ne ya hana ni cewa 10. Nawa wat 5000 ne rubuce ɓaro ɓaro a jikin kwali, in na murɗa shi gilashin windo har rawa yake, ranar nan maƙocina ya aiko yaro wai ko biki ake a gidan ba a gayyace shi ba. A layinmu a Kurna duk wanda ya sayi sabo ni ake kira, na haɗa wa mutum ya fi goma ba wanda ya dawo da ƙorafi. Ga hoton nawa nan.

Baffa Fagge:
Ni da jikana ya saka ni a nan na ga an rubuta hom tiyata na zaci likitoci ne masu yanka mutum a gida, har na ce a'uzubillahi. To tunda maki ake rabawa ku rubuta mini 2, na iya kunnawa na iya kashewa.

Abba Admin:
Hhhh Allah ya ƙara lafiya Baffa, an rubuta.

Injiniya Hotoro:
Malam Sarkin Wufa na ga hoton, tubarkalla falo ya yi kyau. Amma don Allah kar ka ji haushi, sifika biyar na ƙirga kuma duk biyar ɗin suna jere a kan teburin tibi kamar kofunan shayi. Biyu na ƙarshen nan na baya ne, aikinsu su kawo maka sautin da ke zuwa ta gefe da bayanka, in suna gabanka ai an kashe amfaninsu tun kafin a kunna. Ga yadda nake kwatanta wa mutane, ka zauna inda ka saba zama ka ɗauka kana tsakiyar agogon bango, tibi tana kan ƙarfe 12. Ta tsakiya, wato santa, a kan 12 daidai. Ta hagu a kan 11, ta dama a kan 1, don tsakanin kowace lamba da ta kusa da ita digiri 30 ne kuma shi ne ma'aunin da hukumar sadarwa ta duniya ITU ta ajiye na 5.1, wato tsarin sifika biyar da wufa ɗaya. Na baya su kuma tsakanin digiri 100 zuwa 120, wato wajen ƙarfe 4 da ƙarfe 8 ko ka ɗan matso da su gaba kaɗan. Ba wai a can bango bayan ƙeyarka ba, gefe ne da ɗan komawa baya. Wufa, mai fitar da kaurin sauti wato bes, ita ce ɗigo ɗaya ɗin da ake cewa, ita maganarta daban ce za mu zo kanta.

Sarkin Wufa:
Injiniya ai duk suna magana, na kara kunne a kowacce na ji. Kuma a shagon da na saya a Sabon Gari haka na ga sun jera su.

Injiniya Hotoro:
Shi mai shago talla yake, shagon nasa ma taku uku ne ina zai kai na baya? Batun duk suna magana kuma ka riƙe shi, za mu dawo kai, don a nan nake zargin babbar ɓarakar take.

Maman Ilham:
Ku bar ganin laifinsa shi kaɗai, rabin gidajen Kano haka suke, kuma mu mata mun san daga ina abin ya samo asali. Hom tiyata ta shiga kayan ɗaki, ranar jere ’yan jere ba ruwansu da wani digiri, su dai biyu nan biyu nan ɗaya a tsakiya a ɗora fulawar roba a kan wufa a ɗau hoto. Nawa shekara uku yana haka ba wanda ya taɓa. Abin da ya sa na fara bincike ba wani son fasaha ba ne, haushi ne, in muna kallon fim da daddare magana ƙasa ƙasa sai na ƙara murya, ana fara harbi ko mota ta fashe sai gidan ya ɗauka yarinya ta farka da kuka, in rage, a dawo magana in ƙara, rimot a hannuna tun daga farko har ƙarshe kamar mai tuƙin adaidaita a Kwari. Ashe kusan duk maganar fim ta santa take fitowa, ni kuma tawa tana can cikin lungun tebur an tura ta baya an ajiye hoton biki a gabanta. Na jawo ta bakin tebur, na ɗan ɗaga gabanta ta kalli kunne, na shiga saiti na ƙara mata 3, na kunna abin nan na dare da ke rage tazarar ƙara da raɗa. Tun ranar nake ajiye rimot. Saboda haka 6 na ba kaina, kuma ma'aunina ɗaya ne, in za ka kalli fim ka ji kowace kalma ba ka taɓa rimot ba to ka iya, in ba haka ba ko gilashin unguwa gaba ɗaya ka fasa ba ka iya ba.

Nura Sola:
Anti ta gama magana wlh.

Sarkin Wufa:
Hajiya da girmanki amma hom tiyatar da ba ta girgiza ƙirji ai rediyo ce.

Nura Sola:
Oga Sarki bari in taɓa wat 5000 ɗin nan tunda harkar wuta ce sana'ata. Ka juya bayan na'urar ka karanta ƙaramar takardar da ke kusa da inda wayar wuta ta shiga, za ka ga wutar da take ci, ka faɗa mana. Abin da ke jikin kwali PMPO ne, lamba ce ta talla, kowane kamfani yadda ya ga dama yake lissafa ta ba mai kama shi. Wanda ake kallo shi ne RMS, wato ainihin ƙarfin da na'ura ke iya fitarwa a ɗore. Na'ura ba za ta fitar da abin da ya fi wanda ta ci ba, tulu ba ya zubar da ruwan da ba a zuba masa ba. Da gaske 5000 take ja da ƙaramin janaretanka ya durƙusa tun kafin a rubuta sunan fim.

Sarkin Wufa:
Na duba. 95W aka rubuta. Amma ƙila na wani ɓangaren ne.

Nura Sola:
Na gaba ɗaya ne oga hhhh. Kuma ba abin kunya ba ne, a falo irin namu wat 95 na gaskiya ya isa ya haɗa ka faɗa da maƙoci kamar yadda ka gani. Wani abin da mutane ba su sani ba, in ka ninka wat sau biyu desibel 3 kawai ka ƙara, kafin kunne ya ji kamar ƙarar ta ninka sai wat ya ninka wajen sau goma, shi ya sa tseren lambar nan asarar kuɗi ce. Ni kaina 5 zan ba kaina kuma da tabo na samu. Shekarun baya na sayi risiba, wato amfin hom tiyata, Denon na hannu, kayan Amurka, mai kyau kamar a lashe, murna ta sa ban karanta bayansa ba na sa adafta na cusa a soket, ƙau, hayaƙi, warin nan har yau yana hancina. Su 120 suke amfani da shi mu 230, na Japan ma 100 ne. Duk wanda zai sayi na hannu ya fara duba wannan, in na Amurka ne sai da tiransifoma mai sauke wuta kuma ka sayi wadda ta fi ƙarfin na'urar sosai kar ka sayi daidai wa daida. Kayan Ingila su ne ba ruwanka, wutarmu ɗaya har bakin fulogin iri ɗaya ne. Sannan masu inbata, in naka ba mai tsaftatacciyar wuta ba ne irin na arahar nan, za ka ji amfi yana wani zzzz yana zafi ko ba a kunna komai ba, kar ka zagi mai gyara, wutar ce.

Mai Gidan Kallo:
Ni fa duk wannan lissafin agogon na ’yan boko ne. Ku zo gidan kallona a Sheka ranar da ake babban wasa mutum tamanin suna ihu fanka shida na juyawa janareta na kuka a waje, ku nuna mini inda za ku sa ƙarfe 4 da ƙarfe 8. A wajena iyawa ita ce na layin ƙarshe ya ji mai sharhi. 8 na ba kaina kuma ba na neman afuwar kowa.

Injiniya Hotoro:
Maigida ai gaskiyarka ce, naka aikin daban namu daban. Kai taro kake ciyarwa mu mutum uku huɗu a kan kujera ɗaya. A wajenka ma 5.1 ɓata lokaci ne, sauti ɗaya a raba shi ko'ina shi ya fi. Tambaya ɗaya dai, sifiku nawa ka ɗaura a kan kowane bakin amfi?

Mai Gidan Kallo:
Da uku uku ne. Ka taɓo inda ke mini ƙaiƙayi, amfi biyu na ƙona kafin wani mai gyara ya zaunar da ni ya yi mini karatu. Ashe in ka haɗa biyu masu om 8, wato lambar turjiyar wuta da ke bayan sifika, a baki ɗaya ja da ja baƙi da baƙi sun koma 4, in ka ƙara ta uku sun sauka ƙasa da 3, amfin kuma an rubuta masa 6 zuwa 16 a baya ban taɓa kallo ba. Ga zafin watan Afrilu ga kwano ba silin, ana tsakiyar wasa ya ɗauke ɗif, yara suka ce a dawo musu da kuɗinsu. Yanzu biyu ne amfin, kowanne da ’yar fankarsa, kuma duk hunturu sai na sa an buɗe an hure ƙura. To a rage mini ɗaya saboda waɗancan biyun, 7.

Ustaz Gwale:
Ni matsalata daban ce kuma ban taɓa ganin an yi maganarta ba. Falona ba kujeru, kafet ne da tuntu a ƙasa muke zama. Mai wayarin da ya yi mini aiki ya kafe sifikun can sama dab da silin kamar na masallaci, ya ce haka ake yi a manyan gidaje. Ina jin sautin yana wucewa ta saman kaina, karatu ko wa'azi in na sa sai ka ce daga maƙota yake zuwa. Nawa zan ba kaina tunda ba ni na haɗa ba, amma ni na biya kuma na yi godiya?

Injiniya Hotoro:
Allah gafarta malam, kunnenka ya gaya maka gaskiya, wannan kaɗai ya ba ka 4. Siririn sauti, wanda ke fitar da sin da shin a magana, miƙe yake tafiya kamar hasken tocila, ƙaramar sifikar sama da ke fitar da shi ana so ta yi daidai da tsayin kunnen mai zama. Littattafan da ke zuwa da kayan nan duk mai kujera suka zana, ba su san da mu masu tanƙwashe ƙafa a kafet ba. Ka zauna yadda ka saba a auna daga ƙasa zuwa kunnenka da tef, na gaba guda uku su sauko nan. In sauke su zai ɓata fenti to aƙalla a karkato da su su kalli inda kake. Na baya ba laifi su ɗan fi kunne tsayi. Kuma kai ka ma fi mu sa'a, kafet da tuntu da labule mai kauri suna shanye amsa kuwwa. Masu tayil da silin POP da bango fes ba komai su ne ke shan wahala, mutum ya tsaya tsakiyar falo ya tafa hannu sau ɗaya, in ya ji wani ƙarin zirrr ya biyo baya to kafin ya ƙara sifika ya je Kwari ya yanko labule.

Baffa Fagge:
Mu da muka yi kallo a Plaza da Orion da Eldorado, wasu ma ba rufi sama ce silin ɗinka, sifika tana can gaba wajen allo kowa kuma ya ji ya koma gida yana ba da labari har da waƙar. Yanzu kuna da shida a ɗaki ɗaya kuna cewa ba kwa jin magana. Allah ya kyauta.

Maman Ilham:
Baffa ai ku ba tayil a lokacin, kuma ba jaririya a ɗaki na kusa.

Auta BUK:
Ina ta karantawa ina dariya don abin nan an yi mana shi a aji. A 1999 wasu masu bincike biyu a jami'ar Cornell ta Amurka, David Dunning da Justin Kruger, sun gwada ɗalibai sannan suka ce kowa ya kimanta kansa, waɗanda suka fi faɗuwa su suka fi kai kansu sama nesa da inda suke, waɗanda suka fi ci kuma suka ɗan rage wa kansu. Dalilin da suka bayar shi ne ilimin da za ka yi abu daidai da shi, shi ne dai ilimin da za ka gane ka yi kuskure da shi. Ban kama suna ba.

Sarkin Wufa:
Auta ka kama mana, wa ya rage? Yaro ko wufa ba ka da ita sai iyafis.

Auta BUK:
Tuba nake yaya. Ni 1 ma na ba kaina.

Abba Admin:
A yi haƙuri a bar yaro. Injiniya ka ce a riƙe maka maganar duk suna magana, mun riƙe har hannu ya gaji.

Injiniya Hotoro:
Yauwa. Malam Sarki wace waya ce ta taso daga tibi ko dikoda ta shiga na'urarka, kuma fim ɗin daga ina kake samu?

Sarkin Wufa:
Ja da fari ɗin nan mana. Fim kuma a filash nake karɓowa wajen masu turawa a bakin titi, wani sa'in YouTube.

Injiniya Hotoro:
To ka ga inda gizo ke saƙar. Ja da fari hanya biyu ce kawai, hagu da dama, ko me ka yi ba za ta ɗauko shida ba. Abin da na'urarka ke yi shi ne ta karɓi biyun nan ta watsa su a duk sifikun, shi ya sa ka kara kunne ka ji duk suna magana. A 5.1 na gaskiya in mutum biyu na hira a fim na baya kusan shiru suke, sai ɗan kukan tsuntsu ko iska ko hayaniyar kasuwa, sai an zo wajen ruwan sama ko jirgi ya wuce su farka. In ka ji muryar jarumi tana fita ta baya da ƙarfi daidai da gaba to ba 5.1 kake ji ba. Sannan fim ɗin kansa, masu turawa matse shi suke ya zama ƙarami don ya shiga waya, yawanci sautin hanya biyu ne ya rage, fassarar Indiya da ake ɗora murya a kai ma haka, akasarin abin da ke YouTube ma haka. Kenan ko ka gyara waya sai ka samo abin da aka yi shi da shida tun asali. Hanyoyin da ke ɗaukowa su ne wayar haske, optikal, tana ɗaukar Dolby Digital da DTS, ko HDMI ta bakin da aka rubuta ARC a bayan tibi, shi ARC tun HDMI 1.4 na 2009 yake, sai eARC da ya zo da 2.1 a 2017 wanda ke iya ɗaukar manyan irin su TrueHD da optikal ba ta iyawa. Kuma ko ka sa wayar sai ka shiga saitin sautin tibi ka cire shi daga PCM ka mai da shi Bitstream ko Passthrough ko Auto, ya danganta da kamfani, in ba haka ba tibin da kanta za ta matse shi ya koma biyu. Shaidarka tana fuskar na'ura, in ta rubuta Dolby D ko DTS an dace.

Sarkin Wufa:
Tsaya tukunna. Kana nufin shekara huɗu sitiriyo nake ji?

Nura Sola:
Sitiriyo mai ƙarfi dai oga, a ba ka haƙƙinka.

Khalifa Zoo Road:
Ni duk na huta da wannan, sanbar na saya, doguwar sifikar nan guda ɗaya da ake sawa ƙarƙashin tibi, mai Dolby Atmos waya ɗaya tak, 10 cikin 10.

Maman Ilham:
Wannan ai kamar ka sayo tuwo a gidan abinci ne ka ce ka iya tuƙi.

Injiniya Hotoro:
Hhh Hajiya a sassauta. Khalifa ba laifi ba ne, ga wanda ba ya son wayoyi ita ce mafita. Amma Atmos da Dolby suka fito da shi a silima a 2012 sautin sama ne ya ƙara, a gida ko ka kafe sifiku a silin, shi ne za ka ga an rubuta 5.1.2, ko kuma sanbar ta harba sauti sama ya daki silin ya dawo kanka. Na biyun yana son silin shafaffe mai tauri wanda bai yi nisa ba. In naka POP ne mai hawa hawa da rami a tsakiya da fanka tana juyawa a daidai wurin, to sautin ya tafi yawon duniya. Turo hoton silin mu gani.

Khalifa Zoo Road:
Ba sai na turo ba, kamar kana ɗakin ka faɗa. A mai da ni 6.

Abba Admin:
To Injiniya kai da ka rage wa kowa, nawa ka ba kanka? Kar ka zille.

Injiniya Hotoro:
6, kuma ba tawali'u ba ne. Ɗakin da nake kallo sha biyu sha biyu ne irin na gidajenmu, kuma ɗaki mai tsawo da faɗi ɗaya shi ne mafi sharri ga bes. Sauti na tafiyar mita 343 a daƙiƙa, ƙafa 12 wajen mita 3.66 ne, in ka raba 343 da ninkin wannan za ka samu wajen hertz 47, wato sautin bes na can ƙasa, to a daidai nan ɗakin ke kumbura ta tsawo da ta faɗi lokaci guda. A jikin bango bes kamar zai tsinka maka hanji, a tsakiyar ɗaki inda kujerata take kuma babu shi sam kamar an sace. Na yi dabarar da ake yi, ka ɗora wufa a kan kujerar da kake zama ka sa kiɗa mai bes ka bi gefen bango da rarrafe kana saurare, inda ka ji ya fito sumul ba kumburi nan za ka ajiye ta. Ina cikin rarrafen surukata ta shigo, ba ta ce komai ba ta dai gaishe ni ta fita, har yau ban san me ta faɗa a gida ba. Ya ragu amma bai tafi ba. Na biyu, risibata tana da makirfon saiti, na Denon da Marantz Audyssey suke kiransa, na Yamaha YPAO, na Pioneer MCACC. Karon farko na yi shi da rana fanka na gudu janaretan maƙota na kuka, na kuma riƙe makirfon a hannu, ya fitar da lissafin banza na zauna a kai wata shida ina yabonsa. Sai da na sake da tsakar dare na kashe komai ina gumi, na ɗora shi a tsayin kunne, sannan na bi da tef na tabbatar da nisan kowace sifika, na mai da su duka Small na sa mahaɗar bes, wato inda ƙananan sifiku ke miƙa wa wufa bes, a hertz 80 kamar yadda kamfanin THX ya ba da shawara, don shi ya sa mini na gaba a Large alhali ’yan ƙanana ne. Wanda ya yi wata shida bai gane ba ai bai wuce 6 ba.

Maman Ilham:
Injiniya tambaya ɗaya tsakani da Allah, yaushe rabon da ka kalli fim tun daga farko har ƙarshe ba ka tsayar ka shiga saiti ba?

Injiniya Hotoro:
Hajiya ko uwargida ce ta aiko ki? Ita yanzu a wayarta take kallo, ta ce ni ba kallo nake ba awo nake.

Maman Ilham:
To a ma'aunina ka taɓa rimot, 5.

Mai Gidan Kallo:
Na faɗa muku ’yan boko ne hhhh.

Sarkin Wufa:
Jama'a na dawo. Tun ɗazu ina bayan tebur da tocilar waya. Na samu bakin optikal a na'urar da murfinsa ma ban taɓa cirewa ba, gobe zan shiga kasuwar titin Beirut in nemo wayar. Amma ga wani abu, wayar sifikar hagu duk jikinta launi ɗaya ne ban san wacce ce ja wacce ce baƙa ba, ni dai cusawa nake in ta yi magana shikenan. Yana da illa?

Nura Sola:
Ba ta ƙona komai amma tana cin bes. In ɗaya ta juye, lokacin da ta dama ke turo iska ta hagu ja take, suna kashe juna, murya kuma ba ta tsayawa a tsakiya sai ka ji ta warwatse. Cire wayar daga na'ura, samo batirin rimot ɗaya mai 1.5, ka taɓa wayoyin biyu a kai da gindinsa taɓawa ɗaya kar ka riƙe, ka kalli fatar sifikar. In ta turo waje to wayar da ke kan batirin ita ce ja, ka ɗaura mata salatif. In ka shafa da yatsa ma galibi ɗaya tana da ɗan layi ko tudu a jikin roba.

Sarkin Wufa:
Innalillahi. A juye take. Na gyara na sa waƙar da na saba, wlh ban ƙara murya ba amma kamar an canza na'ura, mai waƙar ya dawo tsakiyar tibi.

Abba Admin:
To maki nawa yanzu ranka ya daɗe?

Sarkin Wufa:
4. A'a tsaya, ni na gano wayar da kaina ba wanda ya ce in duba, 5. Abin da ke damuna gidaje goma sha ɗayan nan da na haɗa wa, duk haka na jera musu kuma duk ja da fari ne, har da na wan matata da ya ba ni kuɗin mai.

Baffa Fagge:
Ka bi su ɗaya bayan ɗaya ka ce sabon saiti ya fito daga kamfani.

Ustaz Gwale:
Baffa a dai faɗa musu gaskiya, ba wanda zai dake shi.

Sarkin Wufa:
Injiniya in kana gari ranar Asabar bayan la'asar don Allah ka biyo Kurna mu fara da nawa, akwai shayi. Na baya ɗin wayarsu ba za ta kai ƙarfe 4 da ƙarfe 8 ba, mita nawa zan sayo, kuma ta ina zan bi da ita maman yara ba ta gani ba?

Maman Ilham:
Ta ƙarƙashin bakin kafet, ko ka sayi farin turonkin ka bi gindin bango. Amma ka fara gaya mata kafin ka ɗauke fulawar kan wufa.

Injiniya Hotoro:
Ka auna ta bin bango ba ta tsakiyar ɗaki ba, ka ƙara mita biyu a kan kowacce, kuma kar ka karɓi siririyar nan kamar gashi. Zan zo da tef ɗina in sha Allah, kai dai ka tabbatar akwai mai a janareta.